Gurup ɗin Sallau da Fankar Alkasum

A Malbaza, in ka tambayi mutanen unguwar Bayan Tasha wane ne Sallau, kowa da abin da zai gaya maka. Mai shayin bakin titi zai ce ai shi ne mutumin da ya yi shekara ashirin da shida a luzin, masana'antar simintin nan, har ya yi ritaya aka bar masa hular kwanonsa rawaya. Direbobin kamyo, manyan motocin dakon siminti, waɗanda suka san cikin luzin, sai su yi dariya su ce aikin nasa duka maɓalli biyu ne: in ya danna kore buhunan siminti su taho, in ya danna ja su tsaya. Amma wannan a bayan idonsa ake faɗa. A gabansa Injiniya ake ce masa, yana kuwa amsawa.

Abu guda ne kowa ya yarda da shi, cewa tun da aka haifi Sallau ba a taɓa jin "yi haƙuri" ta fito daga bakinsa ba. Liman ya ce wata Juma'a Sallau ya take masa ƙafa a sahu, da ya waiga ya dube shi sai Sallau ya ce, "Malam, ƙahwarka ta shigo ƙarƙashin tawa." Matarsa Tsahara ta ce ran da ya zauna a kan ƙwaryar furarta ya fasa, tashi ya yi yana tambayar wanda ya ajiye ƙwarya a wurin zaman mutane. Ƙwaryar kuwa a kan turmi take.

Wanda ya fi kowa saninsa shi ne Alkasum tela. Tare aka yi musu kaciya a Dogarawa, tare suka zo Malbaza neman aiki, katanga guda ce ta raba gidajensu. Kullum bayan la'asar suna gindin bedin ƙofar gida suna dara, Sallau da ƴan karare, Alkasum da ƴan duwatsu. Alkasum ya ce shekara arba'in bai taɓa cin Sallau a dara ba, sai dai iska ta ture kara, ko kaza ta gifta, ko rana ta shiga ido. Duk da haka in Sallau ya makara da minti biyar, za ka ga Alkasum yana leƙen zaure.

A bazarar shekarar dubu biyu da shida kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauki wata ɗabi'a. Da an sallame azahar sai ya tafi, ba ya dawowa sai dab da magariba. Tsahara, wadda ke daskarar da ƙanƙara da lamurje a firigo don ƴan tasha, ta wayi gari tana sayar da ruwan ɗumi a leda. Sallau ya ji mitar kwana tara. Ran na goma ya shiga motar Konni, ya dawo da injin wuta, jan gurup mai ƙafa huɗu, ɗaure a rufin mota tsakanin buhun albasa da akuyar wani.

Bai kai ga tada shi ba sai ga Mumuni, ma'aikacin kamfanin kuran, mutumin Dosso da aka turo garin shekara biyu da suka wuce, wanda ke hawa poto, turken wuta, yana gyaran wayoyi. Ya jingine babur, ya gaida Sallau har ƙasa, ya miƙa masa takarda da hannu biyu.

"Baba, an ce ka sawo gurup, Allah ya sa albarka. Ga takardar doka daga buro, ofishinmu. Duk wanda zai haɗa gurup da wayoyin gidansa sai ya sa amberser, mu zo mu duba kafin ya tada."

"Ambar mi?"

"Amberser, Baba. Ɗan akwati ne mai hannu ɗaya. Ka ɗaga sama, gida ya sha kuran namu. Ka sauke ƙasa, ya sha na gurup. Ba ya bari su biyun su haɗu."

Sallau ya dube shi tun daga takalmi har hula. "Shekarunka nawa?"

"Talatin da huɗu."

"To ran da nif fara aiki da kuran a luzin, ko wando ba a ɗunka maka ba. Gaida mutanen buro."

Takardar da Faransanci aka rubuta ta, tabaran Sallau kuwa yana cikin aljihun wata rigar. Ya riƙe ta a hannu ya shiga gida. Da ya gwada tada gurup a tsakar gida sai ya ga yana rawa yana tafiya shi kaɗai, ya nufi akurkin kaji, don ƙasan wurin ba daidai take ba. Nan take ya ninke takardar gida takwas ya cusa a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Gurup ya tsaya cik.

"Kin gani," ya ce wa Tsahara, "doka ta yi aikinta."

Sai ya zauna ya haɗa abin da ya kira dabarar luzin, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin irinta a luzin. Ya sami waya doguwa ya sa mata kai biyu, ɗaya ya soka a jikin gurup, ɗaya a soket ɗin bangon zaure. Washegari da kuran ya tafi, ya ɗora hular kwano, ya yi bisimilla, ya fizgi igiya.

Gurup ya tashi da ƙarfinsa. Yana soka waya a bango sai muryar ta canza, ya koma gurnani kamar raƙumin da aka yi wa lodin gishiri ya wuce kima. Firigo ya ɗan yi ƙugi. Bayan awa guda gurup ya yi tari uku ya mutu, ya shanye esansi, man da aka zuba masa, tas, ƙanƙarar kuwa ba ta wuce sanyin randa ba. Haka aka yi kwana uku. Sallau ya zagi ɗan kasuwar Konni, ya zagi esansin bakin iyaka, ya zagi zafin rana.

Ran na huɗu suna dara, Alkasum ya ajiye dutse ya ce, "Injiniya, ka ga ikon Allah? Kwanan nan in anka ɗauke kuran sai a aiko muna da ɗan saura. Hwankar shagona na juyi a hankali, awa tsohuwa na tuƙin tuwo. Ba ta kashe zahi, amma tana koran ƙuda."

Hannun Sallau ya tsaya a sama da kara. "Wane lokaci?"

"Bayan azahar da kaɗan. Awa guda, sai ta tsaya."

Sallau bai ƙarasa wasan ba, ya ce cikinsa ne ke murɗa.

Washegari ya mirgino turmi jikin katanga ya hau, daga inda yake hango fankar Alkasum ta tagar shago. Ya sa Tsahara ta tsaya wajen gurup. Ya ce ta soka waya, fanka ta soma juyi. Ya ce ta zare, fanka ta tsaya. Sau uku suna yi. Ya sauko daga turmin a hankali, ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji.

"Shekara arba'in," ya ce. "Mutumin da munka ci kwano guda."

"Malam," in ji Tsahara, "ko dai takardar nan ta yaron kamfani a karanta ta?"

"Takarda tana inda ta dace. Wagga sata ta, ba karatu ba."

Da la'asar gindin bedi ya cika, don ranar mai tsire ya kafa tukubarsa kusa. Sallau ya fito bai zauna ba. Ya tsaya a kan Alkasum ya ce ya fito da wayar da yake zuƙe masa kuran da ita. Alkasum ya ɗauka tsokana ce irin tasu ta kullum, ya yi dariya har da buga cinya.

"Da mi niz zuƙe shi, Injiniya? Da allura ko da zare?"

"Kai kas sani, ɓarawon kuran."

Dariyar ta ragu. Sallau ya sake faɗa, ya juya ga jama'a ya faɗa na uku, don kada wani ya ce bai ji ba. Alkasum ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tsince duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihu, ya miƙe, ya sa ƙafa ya shafe ramukan dara.

"Ƙahwata ta bar gidanka, Sallau," ya ce. Rabon da ya kira shi da sunansa an manta. "Ba ni sake zama da kai sai kunnuwan da sunka ji wagga magana sun ji ka janye ta."

Sallau ya ce sai dai su jira har kunnuwan su tsufa.

Daga nan ya shiga bincike. Ya haƙa rami tsawon katanga yana neman wayar da aka binne. Ya tono tsohuwar buta, da muƙamuƙin jaki, da ludayin ƙarfen da ya ɓace shekara bakwai da suka wuce, wanda ya rantse ƙanwar Tsahara ce ta tafi da shi. Tsahara ta ɗauki ludayin ta wanke, ta rataye shi daidai inda yake cin tuwo. Ya tsinke igiyar shanya don ta ƙarfe ce kuma tana fuskantar gidan Alkasum. Ya jera ƙayar aduwa a bisa katanga, ya ce a luzin kowa ya san kuran ba ya tsallake ƙaya. Fanka dai ba ta fasa juyi ba.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne la'asar ta zame masa aiki. Yakan fito da kararensa ya tone ramuka, ya zauna yana wasa shi kaɗai, hannun dama da na hagu. Ko nan ɗin ma sai da ya kama hannun hagu da maguɗi. Daga shago yana jin ƙarar keken ɗinki, ya kasa kunne ko za ta tsaya, ba ta tsayawa.

Da mako uku suka cika ya kai ƙara wurin mai unguwa Illo, ya ce a zo a gani da ido. Aka sa ranar Alhamis bayan azahar. Mai unguwa ya zo da kujerarsa ya zauna a ƙofar zauren Sallau, jama'a suka kewaye, har matan maƙwabta suna leƙe ta katanga. Aka ce Alkasum ya kunna fanka ya fito waje ya tsaya, hannuwansa a inda kowa ke gani. Ya fito ya tsaya, ya ɗaga hannuwan sama kamar wanda jandarma suka tare, yana kallon wani gefe.

Sallau ya ɗora hular kwano, ya shiga ya fizgi igiya, ya soka waya, ya fito da sauri yana nuna tagar shago. Fanka ta yi miƙa ta soma juyi.

"Kun gani! Ranka shi daɗe, ka gani da idonka!"

Mai unguwa ya buɗe baki zai yi magana, sai kiɗan gurmi ya ɓarke daga gida na uku. Gidan mai unguwa ne, rediyonsa ne, ga muryar uwargidansa tana kiran yara su zo su sa abu a firigo, ɗan sauran kuran ya zo. A ƙofar A'i mai ƙosai ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi. Can kuma daga saman masallacin unguwa lasifika ta yi ƙara, sai wani sauti ya biyo baya, mai tashi yana sauka, da ɗan fito a ƙarshe. Ladan ne ya manta bai kashe na'urar ba bayan azahar, ya kuma kishingiɗa kusa da makirufo. Minsharinsa ya rufe Bayan Tasha har bakin titi.

Sallau ya juya gabas, ya juya yamma. Idanunsa suka fito.

"Dut ku ɓarayi na! Unguwa guda! Har masallaci!"

"Injiniya," in ji mai unguwa, "kama bakinka, akwai liman a nan."

Bai rufe baki ba aka ji ihu daga ƙarshen layi. Mumuni ne. Ranar ya zo gyaran wata waya da ta saki, ya kashe layin unguwar da hannunsa, ya gwada ya ga ba kome, sannan ya hau. Yana tsakiyar aiki wayar da ya bari matacciya ta fizge shi. Ga shi can a saman poto yana lilo da bel ɗin da ya ɗaure ƙugunsa, kansa dab da wayoyin, hannu ɗaya a maƙale a hammata.

"Wa ya tada gurup? Ku kashe! Ku kashe shi!"

Jama'a suka daskare. Sallau ya tsaya yana cewa, "Mi ya haɗa gurup ɗina da poto? Gurup ɗina na cikin gida." Wani abu ya wuce shi fuu, har hular kwano ta karkace. Alkasum ne, da shekarunsa sittin da ciwon gwiwarsa, ya faɗa zauren da ya ce ya bari, ya finciko wayar daga bango.

Kiɗan gurmi ya yanke. Fitilar A'i ta mutu. Minsharin ladan ya tsaya a tsakiya. Fanka ta yi juyi biyu ta haƙura.

Mumuni ya lallaɓo ya sauko, da ya rage kamu uku ƙafarsa ta zame ya faɗa cikin tarin harawar da A'i ta ajiye wa tumakinta. Takalminsa ɗaya ya zauna a sama. Aka kama shi aka tayar, yatsunsa biyu sun ƙone sun tashi, jikinsa na ɓari, harawa har cikin kunne. Ya taka da takalmi ɗaya har gidan Sallau, jama'a na biye, ya tsaya yana kallon wayar nan mai kai biyu a hannun Alkasum.

"Baba, wa ya haɗa wannan?"

"Dabarar luzin ta," in ji Sallau, amma muryar ba ta fita sosai ba.

"Baba, ba wanda ya sace maka kuran. Kai kake rabawa. Waya ba ta san nan gidan Sallau ne, can gidan wani ba. Ka zuba kuran a bangonka, ya bi ta mita ya fita, ya hau poto, ya shiga gida goma sha ɗaya da masallaci. Mako uku kana ciyar da unguwa da gurup na gida ɗaya, shi ya sa yake kuka. Ka gode wa Allah yana mutuwa da wuri. Da kuran namu ya taɓa dawowa ya same shi a kan layi, da ya ƙone, wataƙila har da zauren. Ni kuma yau da hannu biyu na kama wayar, da yanzu ana neman motar Dosso." Ya numfasa. "Ina takardar da na kawo?"

Tsahara, daga bakin madafa, ta nuna ƙafar gurup da ludayi.

Mutum biyu suka ɗaga injin. Mumuni ya zaro takardar ta jiƙe da baƙin mai, ya warware ninki takwas ɗin da hannu ɗaya da haƙori, ya karanta layin farko da Faransanci, ya juya shi da Hausa: kada kowa ya haɗa gurup da wayoyin gida sai ya raba gidan da layin kamfani, don ran ma'aikaci da ke kan poto.

Sai mai unguwa ya gyara rawani ya ce, "Ashe sadaka kaka yi muna, Injiniya, ba mu sani ba balle mu yi godiya."

"Allah shi saka," in ji A'i ta kan katanga. "Amma da ka ƙara ƙarhi kaɗan, hitilata ba ta haske sosai."

Dariya ta fashe. Sallau ya karɓi takardar ya kai ta nesa da ido, ya matso da ita, ya ce duk wanda ya buga ta da ƙananan baƙaƙe haka bai so a karanta ba. Ya waiga inda Alkasum yake. Alkasum ya riga ya ajiye wayar a ƙasa ya fita, yana ɗingishi.

Cikin mako Mumuni ya dawo da yatsu a naɗe, ya kafa amberser a bangon zaure, ya datse wayar mai kai biyu gida huɗu ya tafi da ita. Gurup ya daina gurnani. Ƙanƙarar Tsahara ta yi tauri har sai an sa taɓarya. Kome ya gyaru, ban da gindin bedi.

Sallau ya fara da aike. Ya sa Tsahara ta kai wa Alkasum ƙanƙara cikin kwanon sha mai murfi. Da yamma kwanon ya dawo da ruwa, da saƙo: a gaya masa ƙanƙara ba ta magana. Ya aika da goro fari guda goma, suka dawo goma. Ya ɗauki wandonsa mai lafiya ya farke shi da hannunsa, ya rataya a ƙofar shago. Washegari ya same shi a kan katanga an ɗinke tsaf, an kuma ɗinke bakin aljihun duka biyu. Ya kwashe ƙayar aduwa, ya cike ramin da ya haƙa, ya tone ramukan dara ya share su da tafin hannu, ya zauna yana tari mai ƙarfi. Keken ɗinki bai tsaya ba.

"Malam," in ji Tsahara, "kalma biyu ta hwa. Ko yaron goye na iya ta."

"Ai ya san abin da nika nuhi."

"Ya sani. So shikai shi ji."

Rannan da azahar ta same shi tsugune a gaban gurup, injin na ruri, bakinsa na motsi. Ya zaɓi wurin ne don kada ko shi kansa ya ji abin da yake faɗa. Ta tsaya har ya gama, sannan ta sunkuya ta yi masa ihu a kunne, "To, gurup ya yahe maka. Saura Tela."

Ya kwana biyu yana lissafin yadda zai yi abin ba tare da shaidu ba. Dabarar da ya samo ita ce masallaci bayan la'asar. Alkasum kan daɗe a sahun gaba yana jan carbi bayan kowa ya watse, lokacin kuwa babu kuran, babu kowa, sai su biyu da Allah, shi kuma Allah ya riga ya sani. In ya faɗa a hankali Alkasum ya ji, ai an faɗa. Maganar kunnuwan jama'a kuwa, a hankali a shawo kanta.

Ran Talata aka sallame, mutane suka fita ɗaya bayan ɗaya. Sallau ya ja gindi a kan tabarma, kamu ɗaya, ya huta, kamu ɗaya, har kafaɗarsa ta kusa taɓa ta Alkasum, daidai gefen akwatin lasifika. Alkasum bai waiga ba. Sallau ya share maƙogwaro, ya sunkuyar da kai, ya soma da raɗa.

"Tela. Dangane da maganar nan ta hwanka..."

Wani siririn fito ya tashi a saman rufi. Ranar, ba a san dalili ba, kuran ya dawo da wuri, ladan kuwa halinsa na nan. Sallau ya ji muryarsa ta fita ta kewaya unguwa, ta bugi katangar tasha ta dawo masa: ta hwanka, ta hwanka.

Ya ƙame. A waje ya ji cokalin mai shayi ya daina kaɗawa. Turmin da ake daka a gidan mai unguwa ya tsaya. Har wani mai babur ya kashe inji.

A jikin akwatin, kamu ɗaya daga gwiwarsa, ga maɓalli ja. In akwai abin da Sallau ya sani a duniya, to jan maɓalli ne. Shekara ashirin da shida yana danna shi kome ya tsaya. Yatsansa ya tafi da kansa ya sauka a kai.

Alkasum ya dubi yatsan. Ya shafa addu'a, ya zuba carbi a aljihu, Sallau ya ji ƙarar ƴan duwatsun dara a ciki, ashe har yau yana yawo da su. Ya dafa gwiwar nan mai ciwo ya miƙe, ya nufi ƙofa yana neman takalmansa da ido.

Sallau ya janye yatsa. Ya ɗauki makirufo da hannu biyu, ya hura a ciki kamar yadda ya ga ladan na yi.

"Jama'ar Bayan Tasha, salamu alaikum. Sallau na. Ba kiran salla ba na, kowa shi zamna." Ya haɗiye yawu, unguwa duka ta ji. "Alkasum tela ba ɓarawo ba na. Bai taɓa satar ko zare ba. Mai unguwa ma haka, da A'i, da masallaci. Ni nir raba kuran da hannuna. Mumuni, in kana kusa, yatsunka biyu suna wuyana. Malam liman, ƙahwarka tana wurinta, ni nit taka. Tsahara, ƙwarya bisa turmi take, kuma ludayi, a gaya ma ƙanwarki ba ita tad ɗauka ba." Ya tsaya. A bakin ƙofa Alkasum ya sa takalmi ɗaya, ɗayan yana hannunsa, bai juyo ba. "A luzin kuma maɓalli biyu nika dannawa. Dara ko, ka ci ni ya hi sau dubu, ba iska ba ta."

Alkasum ya juyo, ya sa tafin hannu a bayan kunne.

"Injiniya, tsuhwa ta taɓa man kunne. Akwai saura?"

Sallau ya matso da makirufo har ya taɓa gemunsa.

"Tela, na yi maka laihi. Don Allah ka yi haƙuri."